Dattijo, Me Mutanen Gidanka Ke Faɗa a Kanka?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman ku maza, iyayen gida.

Idan lokacin zaɓen dattawa ya zo a ikilisiyoyinmu na nan Jos, a ECWA ne ko COCIN ko wata ɗarika, mun san abin da ake dubawa: wa ya fi ba da gudummawar gini, wa ya iya tsara magana a gaban jama'a, wani lokaci ma har da ƙabilar mutum. Da wuya ka ji an ce a je a ji ta bakin matarsa. Alhali Manzo Bulus, da yake faɗa wa Timoti irin mutumin da ya cancanci kula da ikilisiya a 1 Timoti sura 3, tsakar gida ya nufa: mijin mace ɗaya, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai kwaɗayin kuɗi ba, wanda 'ya'yansa ke ganin girmansa. Har ya yi tambaya, wanda ya kasa riƙe gidansa, ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah?

Labarin Eli yana ba ni tsoro. Firist ne a Shilo, shekara 40 yana shugabancin Isra'ila, kullum yana haikali. Amma 'ya'yansa, Hofni da Finehas, suna kwashe naman hadaya da ƙarfi, suna lalata da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Eli ya yi musu magana, amma bai hana su ba. Allah ya ce masa ya girmama 'ya'yansa fiye da Shi. Rana ɗaya yaran nan biyu suka mutu a bakin daga, aka ƙwace akwatin alkawari, tsohon ya ji labari ya faɗo daga kujera, wuyansa ya karye. Ba a taɓa cewa Eli ya yi fashin sujada ba. A gida ya faɗi.

Baba, Litinin kana taron dattawa, Laraba addu'a, Asabar Zumuntar Maza. Madalla. To yaushe rabonka da zama da ɗanka ku buɗe Littafi Mai Tsarki tare? Ka san abokansa? Giyar goskolo da ƙwaya suna cinye mana samari a unguwanninmu, kuma cikinsu akwai waɗanda suka tashi a Makarantar Lahadi. Mun sakar wa mata tarbiyya da addu'ar safe, wasunmu har da kuɗin makaranta, sannan mu dawo muna kafa hujja da Afisawa 5 cewa miji ne shugaba. Gaskiya ne, haka aka rubuta. Amma ka ƙarasa zuwa aya 25: ka ƙaunaci matarka yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da kake yi wa tsawa da dare ita ce ke zaune tana kallonka kana raba jibin Ubangiji ranar Lahadi.

Akwai kuma gidajen da babu uba kwata-kwata. Tun rikicin 2001 Filato ke tara gwauraye da marayu, suna nan tare da mu a benci ɗaya. Ina roƙon kowane dattijo ya ɗauki yaro ɗaya daga cikinsu, ya san makarantarsa, ya riƙa leƙa shi, ya kira shi ci abinci tare da nasa 'ya'yan.

Ubangiji ya ba mu ikon yi. Amin.