Dakta Ya Kawo Bincike Teburin Mai Shayi

(Bayan sallar isha'i ne, a teburin mai shayi da ke bakin ƙofar wata jami'a. Ɗan Sahu da Baba Maigadi suna kan benci. Sai ga Dakta da jaka maƙare da takardu.)

Mai Shayi: Dakta, barka da dare. A haɗa kauri?

Dakta: Haɗa. Gobe za a sa ni a rediyo in yi wa jama'a bayanin bincikena da Hausa, minti biyar kacal. Shi ne na ce bari in fara gwadawa a kanku.

Ɗan Sahu: Mun zama zakarun gwajin dafi ke nan. Bismillah, Yallaɓai.

Dakta: (ya gyara tabarau) "Nazarin ƙididdigar dangantakar ma'aunan rashi masu fuskoki daban-daban da tsare-tsaren kariyar zamantakewa a matakin iyali."

Baba Maigadi: Amin, amin.

Dakta: Baba, ba addu'a nake yi ba, sunan binciken ne.

Baba: Au! Na ji ya yi tsawo ne, na ce kada ta wuce ni.

Mai Shayi: Dakta, a taƙaice, a kan me ka yi?

Dakta: A kan talauci.

Ɗan Sahu: To ka ce talauci mana! Ai ɗan gida ne, ɗaki ɗaya muke kwana. Ina aka buga, mu je mu gani ko an sa hotonmu?

Dakta: A wata mujalla a Ingila. Yana intanet, amma sai ka biya da dala kafin ya buɗe.

Ɗan Sahu: Tsaya. Talaucin nawa aka ɗauka aka kai Ingila, kuma ni sai na biya dala kafin in gan shi? Abin da nake gani kyauta kullum da asuba?

Dakta: Ai shi ya sa za ni rediyo. Ku saurara. A watan Nuwamba na 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto cewa mutum miliyan 133 a Najeriya, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci mai fuska da yawa.

Baba: Talaucin ma munafuki ne ashe, fuska da yawa gare shi?

Dakta: Abin nufi, ba kuɗin aljihu kaɗai aka duba ba. An duba lafiya, da ilimi, da yanayin gida, da kuma aikin yi da tashin hankali. Gida sama da 56,000 aka shiga ana tambaya: da me kuke girki? Wane ruwa kuke sha? Yara suna zuwa makaranta? In an tashi da ciwo, tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti a ƙafa?

Mai Shayi: Yauwa, yanzu ka fara Hausa. Amma wannan kashi-kashin, kawo in gwada maka. (Ya jera kofuna goma.) Nawa ne talakawa a nan?

Dakta: Shida da ɗan ɗoriya.

Mai Shayi: (ya kife shida) Ka gani? Ko Baba ya gane.

Baba: Na gane sarai. To mu Sakkwatawa fa?

Dakta: Sakkwato ce kan gaba, kashi 91. Ondo ce ƙarshe, kashi 27.

Mai Shayi: (ya ƙara kife uku) Baba, ga naku. Kofi ɗaya ya tsira.

Baba: Na san shi. Tuni ya koma Abuja.

Ɗan Sahu: Ni tambayata, Yallaɓai, wanda yake girki da gawayi yana ciki?

Dakta: Gawayi, itace, kashin shanu, duk alamar rashi ce a ma'aunin.

Ɗan Sahu: To ai shekaranjiya ni na kai buhun gawayi gidanka a Adaidaita.

Dakta: (ya yi tari) Alama ɗaya ba ta isa ba. Sai rashin mutum ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar ma'aunan.

Ɗan Sahu: Na kuma ga yaranka da jarkoki a layin rijiyar burtsatse.

Dakta: Kai, ni na zo yi muku bincike ko ku kuke bincikena?

Baba: To bayan an ƙirga mu, sai me? Za a raba wani abu ne?

Dakta: Bincike ba ya raba shinkafa, Baba. Yana nuna wa gwamnati inda za ta sa kuɗi: nan asibiti ya yi nisa, can makaranta ce babu.

Baba: Gwamnatin ta karanta?

Dakta: Na aika musu kwafi uku.

Mai Shayi: Allah sarki. Takardar da mai ƙosai ta naɗe min jiya, na ga zane-zane irin na jakarka.

Dakta: (ya shanye shayin, ya miƙe) Mai shayi, na karɓi dabarar kofunan nan. Ara min goma zuwa gobe. Na yau kuma ka rubuta.

Mai Shayi: A rediyo wa zai ga kofi, Dakta? Amma tsaya, ni ma ina da bincike. (Ya zaro wani tsohon littafi da ya sha maiƙo.) Na fara shi tun yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas ɗin nan. Shafi huɗu duk sunanka ne. Da Hausa yake, kuma kyauta ake karantawa. Gobe in rako ka gidan rediyon?

Dakta: (ya ajiye jaka, yana laluben aljihu) Nawa ne ma gaba ɗaya?

Ɗan Sahu: Mai shayi, kife ɗayan kofin.