Rubutun bango ba shi ne babbar matsalar ba

Na karanta labarin nan da ke cewa rubuce-rubucen da matasa ke yi a bangaye na barazana ga tsaro a Yamai. Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Yawancin rubutun nan sunayen fada ne, inda samari ke shan shayi har tsakar dare, kuma a kartiyenmu na Bukoki zamansu ma shi ke korar ɓarayi. Fenti bai taɓa karya ƙafar kowa ba.

Abin da ke cutar da mu shi ne masu kwance batirin fitilun sola na bakin hanya, da masu ɗauke murfin ƙarfe na magudanar ruwa su sayar a kilo. Daminar bara ruwa ya rufe wani ramin da aka ɗauke murfinsa a layinmu, wani ɗan kabu-kabu ya afka da babur, mu muka ciro shi, gwiwarsa duk jini. Murfin bai fi jaka biyu ba a wurin mai saye.

Amma zagi da zanen batsa a katangar lakwal, wannan kam a kama mai shi, a ba shi buroshi ya goge. Masu sayen ƙarfen fa, wa ke tambayarsu inda suka samo?