Istihara ba maɓoya ba ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na Marwa, Garwa, Kuseri, da duk inda saƙon nan ya iske ku.

Akwai wata cuta da ke cin mutanenmu, kuma maganinta na wuya saboda mai ita gani yake hankali ne ya yi masa yawa. Ka tambaye shi, ya ce yana nazari. Shekara ta zagayo, yana nan yana nazari. Saurayi ya gama jami'ar Marwa, takardu na cikin leda a ƙarƙashin katifa, ya ƙi zaman shagon kawunsa, ya ƙi koyon ɗinki, wai sai an buɗe jarrabawar shiga aikin gwamnati. Baiwar Allah ta iya dambun nama har maƙwabta na santi, ta kwashi adashi sefa 50,000, amma ba za ta fara ba sai ta sami firiji da roba mai tambari da shago a bakin titi. Kafin nan biki ya taso, aka fitar da anko, kuɗi suka bi ruwa. Dattijo ya san Fatiharsa na bukatar gyara, kunyar durƙusawa gaban malamin da yake sa'an ɗansa ta sa kullum sai bayan Sallah.

Wanda ya zauna makarantar zaure ya karanta Ahalari ya san hukuncin mai wasiwasi. Mutumin da shakka ke zuwar masa jefi-jefi, gini yake yi a kan yaƙini. Amma wanda shakka ta aure shi, kullum sai ta zo, malamanmu na Malikiyya suka ce ya watsar da ita, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, ya ƙarasa sallarsa, ya yi ba'adi. Ku duba fa, salla ce, ginshiƙin addini, amma ba a ce ya yi ta sake kabbarar harama har lokaci ya fita ba. To, ɗan'uwa, tiredar da kake son kafawa ta fi salla tsada ne, da za ka ce sai babu kuskure ko ɗaya za ka soma?

A shekara ta 3 bayan Hijira, da Ƙuraishawa suka doso Madina, Manzon Allah (SAW) ya yi shawara da sahabbai. Shi ya fi karkata ga a zauna cikin gari, matasa suka matsa a fita. Ya shiga gida ya sa sulke. Da ya fito sai suka ji kamar sun tilasta shi, suka ce a koma kan ra'ayinsa. Ya ce bai kamaci Annabi ba, in ya sa sulkensa, ya tuɓe shi kafin a gwabza. Aka fita Uhudu, kuma kun san abin da ya faru: sahabbai wajen 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza. Duk da wannan ɗaci, ayar da ta sauka a Ali Imrana, ta 159, ba ta ce da an ƙara tunani ba. Cewa ta yi ka shawarce su cikin al'amari, idan ka ƙudurta kuma ka dogara ga Allah.

Inda na fi jin takaici shi ne yadda muka mai da istihara wurin fakewa. Hadisin Jabir da Bukhari ya ruwaito a fili yake: raka'a biyu ba na farilla ba, sannan addu'a. Babu maganar mafarki a ciki. Amma sai ka ji mutum ya yi wata da watanni yana cewa bai ga komai ba tukuna. Me kake jira ka gani? Ka roƙi Allah in alheri ne Ya sauƙaƙa, in sharri ne Ya kawar. Ta ina za ka gane an sauƙaƙa alhali ba ka taka ko'ina ba?

Manomin masakwa, dawar rani da ake dasawa, a karkarar Marwa ya fi mu gane wannan. Damina na janyewa, laka na riƙe da sauran danshi, sai ya huda rami da turke, ya zuba ɗan ruwa, ya dasa. Bai san ko tsuntsu zai sauka ba, bai san farashin buhu a watan Fabrairu ba. Abin da ya sani shi ne in ya tsaya lissafi, ƙasa za ta tsage, irin ya tsufa a wurin reno, shekara ta wuce shi. Annabi (SAW) ma cewa ya yi ko Alƙiyama ta tsaya, dashen dabino na hannun ɗayanku, in zai iya dasawa kafin ta tashi, ya dasa.

Wani zai ce ai gaggawa daga Shaiɗan take. Gaskiya ne. Aure, cin bashi, sayen fili, duk suna son bincike, kuma wanda ya faɗa musu ido rufe shi ya jawo wa kansa. Sai dai bincike na da ranar ƙarewa. Ka tambayi mutum biyu ko uku da suka san harkar kuma suke tsoron Allah, ba duk 'yan majalisar mai shayi ba. Ka yi istihararka. Ka yanka wa kanka rana, ka gaya wa wani babba da kake jin nauyinsa don ya tuhume ka in ta wuce. In kuma aka fara aka yi asara, hadisin Abu Huraira a Muslim ya hana ka zaman "da na yi kaza", domin ita ce ke buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ka ce Allah Ya ƙaddara, abin da Ya so Ya aikata, ka gyara inda ya ɓaci.

Hajiya mai dambu, kilo ɗaya ya isa somawa, a ƙulla a farar leda a kai ƙofar makaranta. Baba, malamin nan yana zama bayan Asuba, kuma ba zai yi maka dariya ba.

Allah Ya tsare mu daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala. Amin.