Zangon Agege na buƙatar jaridarsa

Da safe, a bakin layin dogo na Agege, za ka iske mutane sun yi cincirindo a teburin mai jarida suna karanta kanun labarai kyauta, shi kuma ya danne jaridun da duwatsu saboda iska. Na sha tsayawa cikinsu. Labarin Abuja ga shi nan fal, amma kwatar da ta toshe a Zango, ko kuɗin da ake karɓa hannun masu sauke tumatir ba rasit, ko layi ɗaya babu.

Wannan na ci mini tuwo a ƙwarya, domin aikin jarida a ƙasar nan daga ƙanana ya taso. A 1859 Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin a Abeokuta, da Yarabanci, duk mako biyu, kuɗinta wuri 120. Shekara takwas ta yi, tarzomar 1867 ta ci injin ɗab'inta. A nan Legas kuwa, Lagos Weekly Record ta John Payne Jackson, wadda mako-mako take fita, tana cikin waɗanda suka hana Turawan mulki sakat, har aka kafa dokar jaridu a 1903, aka bi ta da ta hana tunzura jama'a a 1909. Mu ma muna da gadonmu: Gaskiya Ta Fi Kwabo, Zariya, 1939, Abubakar Imam na edita.

Ana yawan tuna Doka ta 4 ta 1984, ta mulkin soja, wadda ta kai 'yan jaridar The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, kurkuku, kuma ya dace a tuna. Sai dai su jaridarsu babba ce, duniya ta ji. Ɗan jaridar unguwa shi ne sahu ɗaya da wanda ya rubuta a kansa, gobe kuma su haɗu a wajen mai shayi. A wurinsa ake gane ko sashe na 39 na tsarin mulki, mai ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, yana da haƙori.

Za a ce ai ga WhatsApp, ga takarda ta yi tsada. Gaskiya ne, ta yi. Amma saƙon murya ba shi da editan da za a je a tsare shi da tambaya in ya yi ƙarya, kuma bayan wata guda ka neme shi ka rasa. Shafi huɗu sun isa, da Hausa, sunan edita a rubuce ƙarara. Attajiranmu na kasuwar Mile 12 su sa talla, su bar alƙalami ga masu shi, a riƙa sayarwa ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a.