Wai don bidiyo na tsayawa sai a yi fomatin?

Wallahi abin nan na jiya har yanzu yana ci min rai. Ga abin da ya faru. Yaro ya kai kwamfutarsa wajen "injiniya" don YouTube na ta juya masa da'irar nan ta jiran bidiyo ya buɗe, gogan naku ko bidiyo ɗaya bai kunna ba, ya ce bairos ne, ya yi mata fomatin, wato ya goge komai na cikinta. Hotuna, takardun makaranta, duk sun tafi. Aka dawo gida aka kunna, da'ira na nan tana juyawa abinta. Sannu injiniya, Allah Ya ƙara basira.

Jama'a, fomatin ba ya gyara intanet. Ba ya gyarawa! Ko sau goma za ka goge ta, in netwok ɗin ne ba ƙarfi to haka za ka zauna kana kallon da'ira.

Kuma gane inda matsalar take ko minti biyu ba ya ɗauka. Danna maɓallin dama na mawus a kan bidiyon, ka zaɓi Stats for nerds. In ka ga Buffer Health, wato bofa, bidiyon da aka riga aka sauko yana jiran a kunna, na zubewa har sifili, netwok ne. YouTube da kansu sun ce bidiyo mai ingancin 1080p na son saurin intanet wajen 5 Mbps, 4K kuma 20, to shiga fast.com, shafin gwada saurin intanet, ka ga nawa kake samu, in bai kai ba wataƙila rauta, na'urar da ke ba ka Wi-Fi, na can bayan bango biyu, wataƙila wani a gidan na sauke fim, ko Windows ce ke jan ofdet a ɓoye ba ta gaya maka ba. Matso kusa, ko ka koma Wi-Fi na 5 GHz in rautar na da shi, ko ka jona kebul daga rautar zuwa kwamfutar kawai ka huta.

In kuwa bofa a cike take amma firam na ta faɗuwa, wato hoto na tsalle sauti na gaba, to nan kwamfutar ce. Duba ko an kashe hardware acceleration a Chrome, saitin da ke ba katin girafik aikin bidiyo, sabunta direban girafik, rufe tab talatin ɗin nan da ka tara, sauko 720p. Tsohuwar kwamfuta ba ta iya AV1, wani tsarin matse bidiyo da YouTube ke amfani da shi, da sauƙi, firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ce ke shan wahala. A duk wannan ina fomatin ya shigo?

Na san wani zai zo kwament ya ce "ai wani lokacin bairos ne". To sai me? Danna Ctrl+Shift+Esc ka buɗe Task Manager, ka ga me ke cinye firosesar, ka cire shi. Don ɓera ba a ƙona rumbu.

Ni tausayin yaron ne ma ya fi damuna, don bai da kwafin komai a ko'ina.

Af, ku kuma masu ɗora kwamfuta kan katifa kuna toshe mata fanka har ta yi zafi ta fara ja da baya, sannan ku ce kamfanin ne bai iya ƙira ba, zan dawo kanku wata rana.