Akilis da daren da tsoho ya sumbaci hannunsa

Duk wanda aka ambata wa Akilis, jarumin almarar Girkawan dā, dunduniyarsa yake fara tunawa. Wai mahaifiyarsa Tetis ta tsoma shi a kogin Sitiks yana jariri don kada makami ya ci shi, sai wurin da ta riƙe ne ruwan bai taɓa ba, kuma nan kibiyar Faris, ɗan sarkin birnin Tiroy, ta same shi. Wannan zancen babu shi a waƙar Iliyad ta Homa, wadda aka tsara wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani mawaƙin Rum, Istatiyus, ya kawo shi ɗaruruwan shekaru daga baya. Abin yana min ciwo, domin dunduniyar nan ta rufe abin da ya fi cancanta a tuna mutumin da shi.

Ni a ganina lagonsa a zuciya yake. A shekara ta goma ta yaƙin Tiroy, birnin da kufansa ke Turkiyya a yau, Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, ya ƙwace masa Birisiyis, yarinyar da aka ba shi a ganima. Akilis ya yi zuciya, ya koma tantinsa ya naɗe hannu. Ana kashe mutanensa a bakin teku yana ji yana gani. Aka aiko masa da manya uku da tayin dukiya da ban haƙuri, ya ce allambaram. An zalunce shi, ban musa ba, amma waɗanda suka mutu ba su ne suka ƙwace masa komai ba.

Sai da amininsa Fatirokulus ya sa sulkensa ya fita, Hekto, babban jarumin Tiroy, ya kashe shi, sannan ya miƙe. Abin da ya biyo baya ba na iya kiransa jarumta. Ya kashe Hekto, ya huda ƙafafunsa, ya ɗaure gawar a keken dokinsa yana ja a ƙasa, iyayen mamacin suna kallo daga kan ganuwa. Ya yanka samarin Tiroy 12 a wajen ƙona gawar amininsa. Kwana da kwanaki, kowace asuba sai ya ja gawar nan ya zagaya kabarin sau uku, kuma barci ya gagare shi.

Sai Firiyam, sarkin Tiroy kuma mahaifin Hekto, tsoho tukuf, ya lodo fansar gawar ɗansa a keken alfadarai, ya ratsa sansanin abokan gaba cikin dare da dattijo ɗaya tak. Ya shiga tantin, ya durƙusa, ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya roƙi Akilis ya tuna da nasa mahaifin. Akilis kuwa ya riga ya sani ba zai sake ganin tsohonsa Feliyus ba, tunda da kansa ya zaɓi gajeren rai mai suna a kan dogon rai a gida. Suka fashe da kuka tare, wannan yana kukan ɗansa, wancan yana kukan ubansa da amininsa.

Duk lokacin da na zo nan a labarin sai na dakata. Mutumin da rundunarsa kaf ta kasa lanƙwasawa, shi ne ya sa aka wanke gawar maƙiyinsa, aka shafe ta da mai, aka lulluɓe ta, ya ɗauke ta da hannunsa ya ɗora a makara. Ya sa aka yanka tunkiya suka ci tare. Fushin bai gushe gaba ɗaya ba, har gargaɗin tsohon ya yi kada ya tunzura shi, amma ya danne. Sannan ya tambaye shi kwana nawa yake buƙata na makoki da jana'iza. Firiyam ya ce 11, a na 12 a koma yaƙi. Akilis ya amince, ya riƙe hannun daman tsohon don kada ya ji tsoro.