Ku ajiye waya kafin ku miƙa buhu

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama. Matasanmu da ikkilisiya ta aika Maiduguri sun dawo Maraɗi lafiya, mun gode wa Ubangiji. Sun sha hanya, sun kai wa waɗanda ambaliya ta shafa shinkafa, tabarmi, sabulu da gidan sauro da aka saya da baikon da zumuntar mata suka tara jikka-jikka. Sannunku da ƙoƙari, ƙannena, Allah ya sa albarka.

Amma hotunan da kuka zuba a Facebook sun hana ni barci.

Ga tsohuwa, sa'ar kakarku, ta durƙusa tana karɓar buhu, kun kewaye ta kuna ta washe baki. Ga yaro ba riga, kun sa shi ya ɗaga sabulu sama. Ga wani magidanci ya kare fuska da hannu, ƙiri-ƙiri ba ya so, duk da haka aka ɗauka, aka watsa wa duniya. Haba!

Kun san abin da mutanen nan suka gani? A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, kogin Ngadda ya afka gari, ya cinye unguwar Gwange, ya shiga babbar kasuwa, har fadar Shehun Borno bai bari ba. Rabonsu da irin wannan ambaliya tun 1994. Da yawansu kuma dama rikicin Boko Haram ne ya raba su da ƙauyukansu. Sun fara miƙewa ke nan ruwa ya sake kwashe komai, har sai da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a da. Mutumin da ya rasa gida sau biyu, mutuncinsa kaɗai ya rage masa. Shi ma za mu karɓe a bakin buhun shinkafa?

Mu ma ai mun ɗanɗana. A daminar 2024 ɗin dai ruwa ya rushe ɗakunan ƙasa a nan Maraɗi, mun ga iyaye mata suna tonon kwanukansu cikin laka. Da a ce wani baƙo ya zo ya ɗauki hoton mahaifiyarka a wannan hali ya rubuta "mun taimaki mabukata", yaya za ka ji?

Na san za a ce don masu baiko su ga inda kuɗinsu ya tafi ne. To, ku kai wa fasto da dattawa lissafi a rubuce. Ku ɗauki hoton buhunan a cikin mota. In lalle sai da fuskar mutum, ku nemi izininsa bayan ya karɓa, ba lokacin da hannunsa yake miƙe ba, domin mai yunwa ba ya iya cewa a'a. Ubangiji Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, ballantana duniya gaba ɗaya.

Ina ƙaunarku, shi ya sa nake faɗa. Don Allah, ku goge hotunan nan yau, tun ba su kai wayar 'ya'yan tsohuwar nan ba. Wanda ya tura wa wani a WhatsApp, ya kira shi ya ce ya goge.